Jan Kunne Ga Masu Cewa A Rufe Gari

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, ya ku malamai da almajirai na Darmanawa da Gyaɗi-gyaɗi da Tarauni, ku sani akwai waɗansu mutane, galibinsu masu albashi, waɗanda da an ji ƙishin-ƙishin wata cuta sai su ce a kulle gari kamar yadda aka yi a 2020, wai shi ne rigakafi. Lalle wannan magana tana bukatar raddi.

Ba mu musun annoba. Mu ne maƙwabtan Asibitin Malam Aminu Kano, kuma gari duka ya ga yadda aka riƙa kai dattawa da malamai makwanci a watan Afrilu na 2020. Ministan lafiya da kansa ya ambaci mamata 979, ya ce rabinsu ko fiye ana zaton korona ce. Wanda ya ce ƙarya ce, ya je ya tambayi masu haƙan kabari.

Amma ku dubi abin da aka aikata. An sami mai cutar na farko a Kano ran 11 ga Afrilu. Ran 16 Gwamna Ganduje ya kulle gari, aka ce kwana 7. Ran 27 Shugaba Buhari ya ɗora mako 2, sa'an nan aka ƙara, aka ƙara, ba a ɗage ba sai 2 ga Yuli. Fiye da kwana 70 ke nan, azumi duka yana ciki. To, wa aka kulle? Mai albashi yana ɗaki, kuɗinsa na zuwa ƙarshen wata. Amma Darmanawa unguwar masu nema ce: birkila da leburansa, ɗan garuwa, mai Adaidaita Sahu wanda mai keke ke jiransa da balas, yaron shago a Farm Centre, tela da aka hana masa ɗinkin salla, gwauruwa mai tuyar ƙosai da marayu a gabanta. Waɗannan sai sun fita suke ci. Jarin mai ƙosai bai wuce na kwana uku ba. Kadan ta cinye shi, ranar da aka buɗe gari ba ta da wake ba ta da mai, sai bashi. Wannan ita ce ɓarnar da ba ta shiga lissafin likita, zama yunwa ba a gwada ta a ɗakin gwaji.

Abin mamaki kuma, da aka ga mutane za su halaka sai aka ce a fito Litinin da Alhamis na 'yan sa'o'i. Jama'ar da ke cefane cikin kwana bakwai aka tara ta cikin yini biyu, kafaɗa da kafaɗa, 'yan kasuwa suka tsawwala. Ina rigakafin a nan? Almajirai kuwa aka loda su a motoci zuwa Katsina da Jigawa da Kaduna, aka iske da yawansu ɗauke da cutar: an hana magidanci zuwa Kasuwar Tarauni, an kai annoba ƙauye a mota. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ma ta ce a makonnin farko na kulle a wasu jihohi, jami'an tsaro sun kashe mutum 18, fiye da waɗanda cutar ta kashe a lokacin.

Masu wannan ra'ayi sukan kafa hujja da Sayyidina Umar, cewa ya juya daga hanyar Sham saboda annobar Amwas. Gaskiya ne. Amma abin da aka hana shi ne shiga garin annoba da fita daga cikinsa, ba a ce a toshe wa kowa ƙofar gidansa wata biyu ba. Kuma don me suke karanta rabin tarihi? A shekarar Ramada, 18 bayan hijira, da yunwa ta kama Madina, Umar ya rubuta wa gwamnoninsa, Amru ɗan Asi ya aiko da abinci, aka kafa tukwane ana ciyar da jama'a, aka jinkirta karɓar zakka, shi kansa ya haramta wa bakinsa man shanu. Mu kuwa sai a Oktoba 2020 aka ga jama'a suna fasa rumbuna a Jos da Legas da Kaduna, suna fito da kayan tallafin da aka tara da sunansu, wata shida bayan yunwar. Ƙasa ta shiga karayar arziki a shekarar, tsadar abinci ta kusa kashi 20 cikin 100 a Disamba.

Malamai sun san ƙa'ida, lalura ana auna ta gwargwadonta, kuma ba a gusar da cuta da cutar da ta fi ta. Saboda haka muna kira ga malaman unguwannin nan, in an sake zuwa da wannan shawara kada ku sa mata albarka sai an cika sharuɗɗa: a faɗi wa'adi tun farko, a killace mara lafiya da gidansa, a bar kasuwa a buɗe kullum don cunkoso ya ragu, masu unguwanni su ƙidaya gidaje, hatsi ya taso daga Dawanau ya isa ƙofar kowane gida kafin a ɗora soja ɗaya a Titin Zariya. Wassalam.