Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Majalisar Dokokin Jihar Kano



A 2019 Gwamna Ganduje ya so masarautu, kuka ɗaga hannu, Ƙaraye ta samu sarki mai daraja ta ɗaya. Ranar 23 ga Mayu, 2024, zamanin Gwamna Abba, kuka rushe dokar masarautun, aka sa wa rushewar hannu a ranar. Watan Yuli kuka dawo mana da sarauta mai daraja ta biyu, Ƙaraye da Rogo kaɗai.

Duk wannan kai-komo, wa ya tako kasuwar Rogo ya tambaye mu? Masunta a dam ɗin Challawa a rediyo suka ji, hannunsu cikin koma.

Ku muka zaɓa. Kafin ku sake taɓa rawanin nan, ku zo Ƙaraye ku ji bakinmu.

Naku,
Wani manomi daga Rogo