Matashin Mai Jifa a Gasar Kwaikwayon Besbol: Gwaninta ko Sa'a?

A ƙasar Amurka akwai mutanen da ke gudanar da ƙungiyoyin wasan besbol ba tare da sun taka fili ba. Tun shekarar 1961 wani mai suna Hal Richman ya fito da wasan Strat-O-Matic, inda kowane ɗan wasa na gaske yake da kati da aka tsara bisa alƙaluman abin da ya yi a kakar da ta wuce, sa'an nan a jefa ƙwayoyi uku masu ɗigo irin na ludo don a ga abin da zai faru. Daga baya kwamfuta ta karɓi aikin, kamar a manhajar Out of the Park Baseball da ta fito a 1999. Babban ciwon kan mai ƙungiya a irin wannan gasa shi ne matashin mai jifa, watau wanda ke wurga ƙwallo daga nisan mita 18.44 zuwa ga mai riƙe da sanda. Shin a riƙe shi da fatan zai gawurta, ko a yi musayarsa tun yana da daraja?

Akasarin masu gasar suna yanke hukunci ne da yawan nasarorin yaro, ko da ƙarancin makin da aka ci a hannunsa cikin 'yan wasanni. Wannan kuskure ne, kuma lissafin makarantar sakandare ya isa ya tona shi.

A shekarar 2001 wani manazarci, Voros McCracken, ya wallafa binciken da ya girgiza masana wasan. Ya nuna cewa da zarar mai sanda ya bugi ƙwallo ta faɗa cikin fili, ikon mai jifa a kan abin da zai biyo baya kaɗan ne ƙwarai. Kimanin uku cikin goma na irin waɗannan ƙwallaye sukan kuɓuce wa masu tsaron fili, ko gwani ne ya jefa ko ɗan koyo. An yi ta gardama, har daga baya aka gano cewa wasu masu jifa suna da ɗan tasiri, amma ginshiƙin maganar bai rushe ba.

To, a ɗauka an bugi ƙwallon yaro sau 50. Abin da ake tsammani shi ne 15 su kuɓuce. Sai dai ƙa'idar yiwuwa ta nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin shida zai sami 10 ko ƙasa da haka, ko kuwa 20 ko sama da haka, alhali gwanintarsu duka ɗaya ce. Na farkon za a yi masa kirari, na biyun a sallame shi. Idan kuwa an kai bugu 500, galibi adadin zai tsaya tsakanin 130 da 170. Ɗalibi zai iya gwada makamancin wannan a aji da duwatsu goma a cikin ƙoƙo, uku baƙaƙe bakwai farare.

Saboda haka abin dubawa shi ne abubuwa uku da ba su ratsa hannun masu tsaron fili: sau nawa yaron ya kori mai sanda da jifa, sau nawa ya yi ɓataccen jifa huɗu har aka ba abokin hamayya tafiya kyauta, kuma sau nawa aka doka masa ƙwallo ta haye katanga. Sa'an nan a dubi shekarunsa. Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, amma Greg Maddux ya ƙaryata wannan. A 1987, yana ɗan shekara 21 a ƙungiyar Chicago Cubs, ya ci wasa 6 an cinye shi 14. Duk wanda ya yar da katinsa a wannan shekara ya yi asarar mutumin da ya lashe kyautar Cy Young sau huɗu a jere daga 1992 zuwa 1995, ya kuma yi ritaya da nasara 355.

Akwai kuma abin da alƙaluma ba sa hangowa, watau lafiyar hannu. Jifan da ya kai gudun kilomita 145 a awa yana ɗora wa jijiyar gwiwar hannu nauyi mai tsanani. A ranar 6 ga Mayu 1998 Kerry Wood, ɗan shekara 20, ya kori masu sanda 20 a wasa guda; kakar 1999 gaba ɗayanta a jinya ya yi ta, bayan tiyatar dashen jijiya irin wadda Dakta Frank Jobe ya fara yi wa Tommy John a 1974. Wood ya dawo fili. Brien Taylor kuwa, wanda New York Yankees suka zaɓa na farko a 1991 suka ba shi dala miliyan 1.55, ya ji rauni a kafaɗa wajen faɗa a 1993, bai taɓa buga ko wasa ɗaya a babbar gasa ba. Shi ya sa mai ƙungiya mai hankali ba ya bayar da gogaggun 'yan wasa biyu don ya karɓi yaro ɗaya tal mai suna. Gara ya tara matasa huɗu ko biyar masu araha waɗanda ke korar masu sanda da yawa, ya ba kowannensu aƙalla kaka biyu kafin ya yanke shawara.