Kafin a sa masa mari, a kai shi likita

Shekara uku da suka wuce, ina Yamai, Inna ta kira ni daga Baudeta: "Ɗan nan, iska sun taɓa ƙanenka. Turo kuɗin rago." Na tura, ko tambaya ɗaya ban yi ba.

Da na je gida da salla, sai na tarar da shi da mari a ƙafa. Da na bi diddigi, ashe abin ya kusa shekara yana tahowa. Ya daina zuwa fada shan shayi, ya bar wanka, barci ya ƙaurace masa. Daga baya ya fara amsa wa muryoyin da shi kaɗai yake ji, ya ƙi tuwon gida wai an sa masa guba. Kowa ya gani, amma babu wanda ya san ciwo ne mai suna.

Sunansa sikizofireniya. A 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 24 ke fama da shi, wato ɗaya cikin 300. Yawanci yana farawa ne daga ƙarshen ƙuruciya zuwa shekaru ashirin da wani abu. Sa'o'inmu ke nan fa.

Alamunsa sun haɗa da jin murya ko ganin abin da babu shi, da kafewa kan zargin da hujja ba ta kawar da shi, kamar a ce ana bibiyarsa ko rediyo da shi take. Akwai maganar da ba ta da kai ba ta da gindi. Akwai kuma masu zuwa a ɓoye, waɗanda muke kira lalaci ko girman kai: janye jiki daga mutane, fuska ba walwala, rashin kula da kai.

Amma kada wani ya karanta wannan ya zama likitan unguwa. Babu gwajin jinin da ke nuna ciwon. Likita yana sauraren mara lafiya da danginsa, ya tabbatar alamun sun kai aƙalla wata ɗaya, ya kuma duba ko wani abu ne daban: zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, sanƙarau, farfaɗiya, tramol ko wiwi. Wanda ya ruɗe farat ɗaya da zazzaɓi, a ranar za a kai shi, ba a jira.

Na san za a ce ɗan boko ya zo raina malamai. Wallahi ba haka ba ne. A 1954, Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara kula da masu taɓin hankali a ƙauyen Aro, kusa da Abeokuta, suna zaune da danginsu, yana aiki tare da masu maganin gargajiya. Addu'a ba ta hana shan magani. Jinkiri da mari su nake ƙi.

Gaskiya ne ƙwararru sun yi ƙaranci, kuma daga karkarar Tasawa ko Mayahi, kuɗin mota kaɗai abin tunani ne. Shi ya sa tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP, don ma'aikatan ƙananan asibitoci su iya gane irin wannan ciwo. Mu nemi a horar da na CSI ɗinmu, a kuma ajiye magani irin su haloperidol kusa da mutane. Mu kuma daina mai da "Pavillon E" abin tsokana. Wannan dariyar tana hana iyalai fitowa.

Ƙanena, a Maraɗi aka gano ciwonsa. Sau ɗaya ya bar magani, abin ya dawo. Bana shi ya nome gonar Baba.

Mu na birni, mu ake kira idan abu ya faru a gida. In salularka ta yi ƙara, kafin ka tura kuɗi, tambayi Inna: tun yaushe, me yake ji, yana barci, wa ya duba shi?