Idon da ke kallon gonakinmu daga sama: na wane ne?

A ƙarshen watan Janairun 2025 shafin FEWS NET ya rufe, bayan gwamnatin Donald Trump ta dakatar da tallafin da Amurka ke bai wa ƙasashen waje. Yawancinmu ba mu ma ji labarin ba. Amma tun 1985, bayan yunwar Habasha, wannan shiri ne ke haɗa hotunan taurarin ɗan adam da farashin kasuwa yana gargaɗi kan inda yunwa ta dosa, har da Nijar da Chadi da arewacin Najeriya. Ya dawo aiki bayan wasu watanni. Sai dai rufewar ta nuna cewa sa hannun mutum ɗaya a Washington na iya rufe mana ido ana shirin shiga damina.

Ya kamata ɗalibai su san yadda abin yake aiki. Taurarin Meteosat na Turai suna tsaye a nisan kusan kilomita 36,000 daga ƙasa, suna auna sanyin saman gajimare, da haka ake ƙiyasta ruwan da ya sauka a inda babu ma'aunin ruwa. Taurarin Sentinel-2 kuwa suna ratsa wuri ɗaya kusan duk kwana 5, suna iya bambance fili mai faɗin mita 10. Daga hasken da ganye ke mayarwa ake gane inda gero ya kama, inda ciyawa ta yi ƙaranci, da inda hamada ta yi kore har fara za ta iya yin ƙwai. Duk wannan kyauta ake ba da shi. Amurka ma ta buɗe taskar hotunan Landsat ga kowa a 2008, taskar da ta faro tun 1972, wadda da ita ake nuna yadda Tafkin Chadi ya ja baya.

Mu a nan Sahel ba baƙi ba ne a wannan harka. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai an kafa ta a 1974 ƙarƙashin ƙungiyar CILSS, bayan farin da ya kashe dabbobi da mutane a farkon shekarun 1970. A nan ake karɓar bayanan, a fassara su, a fitar da hasashen damina da ƙiyasin waɗanda za su buƙaci agajin abinci. Ƙwararrun namu ne. Taurarin na wasu ne.

Akwai kuma yarjejeniyar 2000 da hukumomin sararin samaniya na Turai da Faransa da Kanada suka fara, cewa duk ƙasar da bala'i ya afka wa za a juya mata taurari a ba ta hotuna ba tare da kuɗi ba. Abin da ya fi burge mu a ciki shi ne taimakon bai tsaya ta hanya ɗaya ba: NigeriaSat-1, da aka harba a 2003, ya ɗauko hotunan ɓarnar guguwar Katrina a Amurka a 2005.

To, ganin wannan dogaro, ba mu yi mamaki ba da Mali da Burkina Faso da Nijar suka ƙulla yarjejeniya da kamfanin Glavkosmos na Rasha a Bamako cikin Satumbar 2024, domin samun tauraron sadarwa da na ɗaukar hoto. Dalilin da aka fi ambata shi ne tsaron iyakoki. Hujjarsu tana da ƙarfi. Hotunan kyauta ba sa nuna babur ko mota ɗaya a daji; masu kaifin suna hannun kamfanoni da gwamnatoci, kuma a Maris 2025 mun ga Amurka ta toshe wa Yukren hanyar samun hotunan kamfanin Maxar na ɗan lokaci saboda saɓanin siyasa. Wanda aka yi wa haka yana tsakiyar yaƙi, ina ga mu?

Amma mu dai ba mu yarda cewa sauya ubangida shi ne 'yanci ba. Tauraron da wani ya ƙera, ya harba, yake riƙe da hanyar sarrafa shi, aro ne ko da tutarmu ce a jikinsa. Abin da jama'a ke da haƙƙin tambaya shi ne nawa za a kashe, injiniyoyi nawa za a horar, kuma ina za a gina tashar da ke karɓar hotunan.

Sannan ga matsalar da ta fi kusa. A Satumbar 2024 madatsar Alau ta ɓalle ta cinye Maiduguri, a daminar da ambaliya ta raba dubban iyalai da gidajensu a Maraɗi da Damagaram. Taurari sun ga ruwan yana taruwa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda zai kai saƙon ga mai unguwa da harshen da yake ji, da kuma inda za a kwashe mutane. Hasashen AGRHYMET yana fitowa kafin damina, galibi da Faransanci da Turanci. Gidajen rediyon karkara da kwamitocin masallatai za su iya neman a fassara musu shi zuwa Hausa da Zabarmanci da Kanuri tun kafin a fara shuka.