Bakin almakashi ba sukudireba ba ne, ku daina kashe tsofaffin kibod

Yau da ƙorafi na zo.

Wani ya turo min hoton kibod ɗin IBM Model M da ya tsinta a kayan gwanjo, bayansa duk ya farfashe. Wai da bakin almakashi ya yi ta ƙwaƙular notin. Haba malam! Samfurin da aka fara ƙerawa tun 1985, ya haura shekara 30 yana aiki, kai ka gama da shi a minti goma?

Masu cewa "ai sukudireba sukudireba ce", ku saurara. Notin Model M ba sita ba ne, ba filat ba ne. Kansa kusurwa shida gare shi, girman 5.5mm, kuma yana can cikin rami matsattse. Sai sukudireba mai bakin soket siriri ce ke shiga. Ka cusa mai kauri, robar ce za ta tsage.

Haka kayan Japan. Da yawa notinsu tsarin JIS ne, sau da yawa za ka ga ɗan ɗigo a kansa. Yana kama da sita, amma sita ta gama-gari zamewa take yi har ta cinye kan notin. Daga nan kuma sai haƙuri. Kamfanin Vessel na Japan yana yin wadda ta dace da shi.

Madannan fa? Ka daina ɓanɓare su da wuƙa. Akwai 'yar waya ta cire madanni, tana ɗago shi a miƙe. Apple Extended Keyboard II na 1990 makunnan Alps gare shi, kuma an daina ƙera irinsu. Ka lanƙwasa madanni ƙafarsa ta karye a ciki, ina za ka samo wani? Wajen raba murfi ma, 'yar robar nan ta masu gyaran waya za ka sa, domin tsohuwar roba ba ta jure ƙarfe.

Na san za ka ce kuɗi ya yi wuya. Gaskiya ne. Amma wa ya ce ka sayi akwati mai baki ɗari? Abu huɗu sun ishe ka: soket 5.5mm, sita mai kyau irin ta Wiha ko Wera, 'yar wayar madanni, da robar buɗewa. Araha ba ta ado. Sukudirebar banza kan noti take ci, ita ma bakinta ya lalace, ka yi asara biyu.

Kafin ka biya, ka gwada: baki mai kyau yana zama daram a kan noti, ba ya rawa. In kuma noti ya ƙi juyawa, ka dakata, kada ka sa ƙarfi.

In ba ka da kayan, ka bar kibod ɗin a rufe har ka samu. Ba inda za shi.

Allah ya sa mu gane.