A Maido Da Zango A Bakin Dajin Kamuku

Duk wanda ya taɓa zama a Ikko ya san yadda magidanta kan kwashi iyalinsu ran Lahadi su nufi bakin teku, su kama rumfa su huta, yara kuma su hau dawakin haya suna sukuwa a kan rairayi. Birnin Gwari ba ta da teku, amma Allah ya ba ta abin da zai iya jawo baƙi irin haka, watau Gandun Dajin Kamuku. Abin takaici shi ne, shekaru fiye da goma ke nan da wuya a ji sunan wannan daji sai tare da labarin satar shanu ko satar mutane.

Tun cikin 1936, zamanin En'e, aka keɓe dajin, kuma cikin 1999 Gwamnatin Tarayya ta ɗaukaka shi ya shiga sahun gandayen daji na ƙasa. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,000, kuma Kogin Mariga ne ya raba shi da dajin Kuyambana na Jihar Zamfara. A cikinsa akwai magangarar ruwa ta Dogon Ruwa da Goron Dutse da Tsaunin Rema, an kuma san shi da giwa da gwanki da kanki da gadu da jan biri, ban da tsuntsaye irin su burtu. Daga Kaduna zuwa Birnin Gwari tafiyar kilomita 120 ce ko kusa da haka, watau magidanci na iya tashi bayan asuba ya iso da hantsi.

Saukar baƙi kuwa tsohuwar sana'a ce a wannan ƙasa. Garin yana kan hanyar fatake ta dā wadda ta haɗa Kano da Zazzau da ƙasashen yamma irin su Yawuri da Nufe, har Baturen nan mai yawon bincike, Clapperton, ya bi ta nan cikin 1826 a kan hanyarsa ta zuwa Zariya. A wancan zamani ayari kan taso da madugu da jagaba da uban dawaki, idan rana ta yi sanyi a yada zango a bayan gari. Matan gari su fito da fura da tuwo, samari su kawo ciyawa da itace, kowa ya sami ɗan abin kashewa. Baƙo yana kwana lafiya domin mutanen gari suna da riba a cikin lafiyarsa.

Kowa ya san yadda wannan martaba ta zube. Ɓarayin shanu da 'yan fashi sun mai da dajin mafakarsu, har cikin 2015 gwamnonin jihohin da ke kewaye da shi suka haɗa ƙarfi da soja don fatattakarsu. Cikin watan Mayu na 2018 an kashe mutane da dama a ƙauyen Gwaska, cikin watan Maris na 2024 kuma aka kwashe ɗalibai fiye da ɗari a Kuriga, a kan hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari. Sai cikin watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya je garin, ya karɓi waɗanda suka ce sun tuba, aka kuma sake buɗe karar shanu wadda ta yi shekaru a rufe.

Sulhu dai abu ne mai rauni, kuma dajin da mutanen kirki suka ƙaurace masa ba ya zama kango da daɗewa, miyagu ne ke shigarsa. Saurayin da ya ajiye bindiga yana bukatar sana'a, haka ma manomin da aka kora daga gonarsa. Saboda haka ya kamata Gwamnatin Jihar Kaduna da hukumar gandayen daji ta ƙasa da Masarautar Birnin Gwari su zauna su tsara yadda za a kafa zango na zamani domin mahaya dawaki da masu iyali. Sarakuna da attajiran Zariya da Kaduna da Funtuwa suna da dawaki a turke, waɗanda galibi ba a hawansu sai ranar Salla ko ɗan kilisa da yamma, kuma masu su za su biya kuɗi idan aka ba su fili da hanya mai tsaro.

Sai dai aikin yana son a bi shi daki-daki. Zango na farko a kafa shi daf da gari, inda 'yan sanda za su iya isowa cikin ɗan lokaci, yawon daji kuma ya zama na rana kawai, tare da ma'aikatan gandun daji, a komo kafin la'asar ta yi sakaliya. Masu iyali suna bukatar rijiyar burtsatse, da makewayi na maza daban na mata daban, da wurin salla, da ɗakin shan magani mai maganin sarar maciji. Mahaya kuma suna bukatar turaku a ƙarƙashin inuwa, da harawa da dusa da kanwa, da wurin shayarwa nesa da inda yara ke wasa. Sai an ga shekara ɗaya ko biyu sun wuce lafiya kana a yi maganar kwana a cikin daji.

Har ila yau wajibi ne a kula da lokaci da lafiyar dabba. Kurmin da ke bakin koguna shi ne mazaunin ƙudan tsando, wanda ke jawo cutar sammore, doki kuwa ba shi da juriya a kanta. Don haka a buɗe zango da rani, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da ciyawa ta bushe, hanyoyi suka tsane, a kuma kauce wa kurmi wajen shata hanyar hawa. Cibiyar binciken cutar barci da sammore tana nan Kaduna, ai neman shawararta ba zai yi wuya ba. Kada a bar doki ya shiga sai likitan dabbobi ya duba shi.

Wasu za su ce ina maganar shaƙatawa ga mutanen da ba su gama makokin 'yan uwansu ba, ga gonaki da makarantu suna jiran gyara. Wannan magana gaskiya ce, kuma idan aka gayyato iyalan mutane kafin tsaro ya tabbata, aka sami ko da tsautsayi ɗaya, to, an kashe shirin na shekaru masu yawa. Amma a dubi Yankari a Jihar Bauci, wadda aka buɗe wa jama'a cikin 1962. Masaukin da aka gina kusa da ruwan ɗumi na Wikki shi ne ya sa baƙi suka riƙa kwana, daga nan 'yan ƙasar suka sami aikin jagora da dafa abinci da tuƙin mota. Muddin sarkin zango da jagorori da masu sayar da harawa da nono suka fito daga cikin Hausawa da Gwarawa da Fulanin yankin, su da kansu za su fara tona asirin duk wanda ya zo da niyyar ɓarna.

Abin da ake nema daga hukuma a yanzu kaɗan ne. A auna fili, a haƙa rijiya, a horas da jagorori, a kuma faɗa wa jama'a gaskiyar halin da hanya take ciki ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Ranar da magidanci daga Kaduna ya kwana da matansa da 'ya'yansa a bakin Kamuku, dokinsa yana ɗaure a turke, ya kuma koma gida lafiya, ranar ce mutanen Birnin Gwari za su gaskata cewa dajinsu ya dawo hannunsu. Allah ya zaunar da ƙasar lafiya, amin.