Sihiri Ma Da Ƙa'idarsa: Shawara Ga Matasan Marubuta

A 'yan shekarun nan samari da 'yammata masu ɗimbin yawa sun himmatu ga rubuta labarun aljanu da mayaƙa masu layu, har a ƙasar Yauri da Shanga da Ngaski. Wannan abin yabo ne, domin hanya ce mai asali. Gasar da aka shirya a Zariya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, dukansu kuwa cike su ke da abubuwan al'ajabi. Amma akwai wata illa da ta ke neman zama ruwan dare, wadda ya kamata a gyara tun da wuri.

Illar ita ce, sau da yawa marubuci ya kan ba jaruminsa tsafin da ba shi da iyaka. In an kama shi ya ɓace, in an sare shi ya warke, in ya talauce ya kira aljani. Da zarar mai karatu ya gane cewa ba abin da zai sami jarumin, sai fargaba ta fita daga zuciyarsa, ya ajiye littafin. Masu hikimar gargajiya ba su yi wannan kuskure ba. Layar zana da ɓaduhu da maganin ƙarfe na 'yan tauri, kowanne an ce yana da sharaɗi, kowane lakani kuma da abin da ke karya shi. Haka a Ingila, zoben da ke cikin labarin Tolkien na 1954 ya kan ɓoye mai shi daga idon mutane, amma yana cin zuciyarsa sannu a hankali.

Marubucin da ke bakin Tafkin Kainji ba shi da dalilin aron dodannin sinimar ƙetare. Sa'ad da aka kammala madatsar ruwa a 1968, an tashi mutum fiye da 40,000, ruwa ya shanye tsohuwar Busa da ƙauyuka da tsibiran Gungawa. A ɗauka wani ya ƙaga labarin ɗan masunci daga Shanga, wanda ya gaji wata gora da ke ba shi ikon nutsewa ya ziyarci garin da ruwa ya ci. To, sai a gindaya masa ƙa'ida: lalle ya fito kafin faɗuwar rana, kuma duk nutso ɗaya zai manta sunan mutum ɗaya daga danginsa. Nan take labari ya yi nauyi, gama kowa zai ƙosa ya ji ko zai koma ranar da sunan uwarsa kaɗai ya rage masa.

Abu na biyu shi ne zaɓen hanyar isar da labari. Littafi ya fi dacewa da bayyana abin da ke zuciyar yaron. Rediyo kuwa kunne ya ke ciyarwa, saboda haka ƙarar filafili da shirun da zai yi in an tambaye shi sunan ƙanensa sun wadatar. Fim yana bukatar kuɗi da na'urori, kuma tun da Turmin Danya ya fito a Kano a 1990 an sha ganin yadda tsafin da aka haɗa da araha ke sa 'yan kallo dariya a wurin da a ke son su razana. Wanda ba shi da halin nuna gari a ƙarƙashin ruwa, gara ya bar wa alƙalami.

Abin da ya fi gaggawa shi ne, dattawan da suka ga kogin Kwara kafin 1968 suna ta ƙarewa, harshen Shanganci ma masu jinsa sun ragu ƙwarai. Wajibi ne ɗalibai su zauna gaban Sarkawa da Gungawa da Kambari su rubuta abin da ke bakinsu, malamai da ma'aikatan al'adu na Jihar Kebbi kuma su ba su goyon baya. Allah ya sa a dace.